Kafin Mu Ɗaga Gatari

Karatunmu na yau yana cikin Maimaitawar Shari'a, sura 20, aya 19 da 20. A nan Allah ya hana Isra'ilawa sare itatuwan da ake cin 'ya'yansu, ko da suna bakin yaƙi, sun kewaye birnin abokan gaba. Wato ko soja ma, sai ya duba irin itacen kafin ya sara.

Duniya ta makara wajen gane wannan. Sai a 1993 aka kafa ƙungiyar FSC, wadda ta tsara ƙa'idojin yankan katako. Masu bincike sukan shiga daji su ga ko an bar itatuwan iri, da bakin rafi, da mazaunin tsuntsaye da namun daji. In sun gamsu, a buga wa katakon tambari. Abu ne mai kyau. Amma wa zai buga tambari a kan damin itacen da jaki ke kaiwa Daura daga Sandamu? Babu kowa. Mu mai bincikenmu Ubangiji ne.

To, me za mu yi? Maƙwabtanmu na Maradi sun nuna hanya. A 1983, Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan na SIM, ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da saiwarsu ke da rai a ƙasa. Manoma suka fara zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su yanke sauran. Ba rainon dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Darbejiyar da aka dasa mana don tare iska tana da amfani, amma iri ɗaya ba ya zama daji. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Kuka tana ba mu miya, magarya da aduwa suna ciyar da yara da awaki. Kalgo da sabara kuwa, su muka fi rainawa, alhali su ke riƙe ƙasa lokacin da iskar bazara ta taso.

In lokacin sharar gona ya zo bana, bari kowane gida ya bar tohon kututture goma, ya kuma gaya wa yara dalilin barinsu. Mu yi addu'a.