Gufi, Kifin da Ke Haihuwa

Sanin kowa ne kifi ƙwai yake yi. To, gufi ya saɓa wa wannan al'ada, domin macensa 'ya'ya take haifa rayayyu, suna fitowa suna iyo.

Asalinsa daga rafukan Benezuwela da Giyana da tsibirin Tirinidad yake. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a 1859. Sunan gufi kuwa ya samo shi daga Lechmere Guppy, wanda ya aika da shi Landan daga Tirinidad a 1866.

Namiji bai cika wuce santimita 3 ba, amma launinsa kamar an rina. Mace ta fi girma, takan kai santimita 6. Cikinta yakan yi kwana 21 zuwa 30, kuma tana iya ajiye maniyyi a jikinta watanni, watau barbara ɗaya ta ishe ta haihuwa sau da dama. A 1980 John Endler ya nuna cewa inda manyan kifaye masu farauta suka yi yawa, adon maza yakan dushe, domin mai ƙyalli shi ake fara gani.

Mai son kiwonsa a akwatin gilashi lalle ya kula da abu huɗu. Na farko, zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 22 da 28. Daren hunturu a Kano ko Jos yakan sauko da shi ƙasa da haka. Na biyu, ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin a zuba, don kulorin ya fita. Na uku, a ba da abinci kaɗan, gama ragowarsa ke ɓata ruwa. Na huɗu, a sa ciyayi, domin iyaye kan cinye 'ya'yansu.

Saboda yana cin tsutsar sauro, an kai shi ƙasashe da yawa don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, har ya zauna a lambatun Legas. Amma ba ya zaɓen abinci: yakan ci ƙwai da 'ya'yan kifayen gida. Saboda haka, ma'aikacin lafiya ya tsare shi a tanki ko rijiya, kada ya sake shi a kogi. Mace guda mai ciki ta isa ta cika tafki, kuma in ya shiga, fitar da shi sai dai labari.