Fanka da Kaskon Gawayi: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalai

Ya iyayenmu da 'yan'uwanmu na Binduri da Bawku, da baƙinmu fatake daga Togo da Burkina Faso.

Yanayi biyu ne ke gwada gidajenmu: sanyin hunturu a Disamba da Janairu, da zafin bazara a Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40. Abin da muke shigarwa ɗaki don samun sauƙi yana iya zama ajalinmu.

In za ku ɗaura fankar sama, ku kira mai aikin lantarki wanda Hukumar Makamashi ta Gana ta ba lasisi. Wutar NEDCo mai ƙarfin volt 230 ta isa ta tsayar da zuciya. A kashe babban makunni kafin a taɓa waya. A rataye fankar a ƙugiyar ƙarfe da aka kafa cikin kankare ko ƙaƙƙarfan katako, ba jikin silin ba. Fukafukanta su yi nisan mita 2.3 daga ƙasa, saboda uwa mai ɗaga jariri sama. Kada a cusa tsirarar waya cikin soket.

Da sanyi kuwa, kada ku kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da guba marar wari, marar launi. Fanka juya ta kawai take yi. Buɗaɗɗiyar taga ce ke fitar da ita. In mutanen ɗaki sun tashi da ciwon kai, jiri ko amai, ku fitar da kowa waje, ku kira 112 ko ku garzaya asibiti.

Allah Ya tsare mana iyalanmu.