Tarihin Secretariat, Jan Ingarman Amurka

 

An nemi in yi magana a kan juriya, ni kuwa na ga ya fi kyau in ba ku labarin wani doki mai suna Secretariat. An haife shi a jihar Bajiniya ta Amurka a 1970. Mai shi, wata mata Penny Chenery, ta same shi ne bayan ta faɗi a ƙuri'ar jefa kwabo da aka yi don raba 'ya'yan ingarma Bold Ruler. Wanda ya ci ƙuri'ar ya zaɓi nasa, ita kuma aka bar mata wanda ke cikin ciki. Rabo ke nan.

A sukuwarsa ta farko a 1972 an bangaje shi tun daga tashi, ya zo na huɗu. A farkon 1973 mahaifin Penny ya rasu, harajin gado ya taso wa gidan. Dole aka sayar da haƙƙin barbararsa a kan dala miliyan 6 da dubu 80, tun bai shiga manyan gasa uku na ƙasar ba. Ana saura mako biyu gasar farko, sai ya zo na uku a wata sukuwa. Mutane suka fara cewa masu saye sun yi asara. Ashe ƙurji ne a bakinsa, linzami na taɓa shi.

Da ya warke, ya ci gasar Kentucky Derby cikin ƙasa da minti biyu, kuma kowane kwatan mil ya fi na bayansa sauri. Ya ci Preakness. Ran 9 ga Yuni 1973, a Belmont, ya yi mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya ba na biyu ratar tsawon doki 31. Shekara 25 ke nan rabon da wani doki ya haɗa ukun nan, kuma har yau ba a karya lokacinsa a cikinsu ba.

Ya yi sukuwa 21, ya ci 16. Ciwon kofato ya sa aka kashe shi a 1989. Likitan da ya duba gawarsa ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai kilo 10, fiye da ninki biyu na ta sauran dawaki.

Ƙannena, ku riƙe wannan: na huɗu a zangon farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Mu kuma iyaye da malamai, idan yaro mai ƙoƙari ya ja baya, mu binciki abin da ke damunsa kafin mu yanke masa hukunci.