Jawabi ga taron makiyaya: Maganin bisashe yana komawa ruwan da muke sha



Maganarmu ta yau a kan ruwa take. Dukkanmu mun san teramisin, wannan allurar da ba a rasa ta a rugga. Ita da ire-irenta ake kira antibiyotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta. In an yi wa saniya allura, jikinta ba ya cinye maganin duka. Kaso mai yawa yana fita cikin fitsari da kashi, da sauran ƙarfinsa. In garke ya tsaya bakin tabki, ko ruwan sama ya wanke makwanta, maganin sai ya gangara mashaya. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin sa.

To yaya masana suke gano shi? Sukan ɗebi ruwa a kwalba mai duhu, su ajiye cikin sanyi, don rana da zafi suna lalata maganin kafin a auna. A ɗakin bincike sai a tace ruwan, a bi da shi ta wani ɗan bututu mai gari a ciki. Ruwa ya wuce, magani ya maƙale. Daga nan a wanko shi da ɗan sinadari kaɗan, abin da ya watsu cikin kwalba guda ya taru wuri ɗaya. Na'ura ta farko takan rarrabe magungunan, kowane ya fito a lokacinsa, kamar yadda ake fid da shanu ɗaya-ɗaya ta ƙofar shinge ranar rigakafi. Ta biyu takan auna nauyin ƙwayar kowane, ta faɗi sunansa da yawansa. Ko giram 1 ne ya narke cikin lita miliyan 1000, ana iya gane shi.

A shekarar 2019, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun nemi magunguna 14 a kogunan ƙasashe 72. Sun same su a kashi 65 cikin 100 na wuraren da suka auna. Gana da Najeriya, inda shanunmu ke zuwa kiwo da kasuwa, suna cikin ƙasashen da abin ya fi wuce kima.

Ina ruwanmu da ɗan abin da ido bai gani? Ƙwayar cuta in ta daɗe tana haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba, sai ta saba da shi. Ran da saniya ko yaro ya kwanta, a ba da magani ya ƙi ci. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda wannan, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowa asara.

Ba mu yarda a ɗora wa makiyayi laifin shi kaɗai ba. Ƙazantar birane da ta asibitoci da gidajen kaji duk ruwa take shiga. Amma namu kason mu gyara shi. Kada mu yi allura a bakin mashaya. Kada mu wanke sirinji a tabki ko kwamin rijiya, kada mu yar da kwalabe nan. Mu nemi likitan bisashe, mu bar maganin da ya sha rana a kasuwa. Mu cika adadin da aka faɗa, mu kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin a sha nono ko a yanka.

Roƙonmu ga hukuma shi ne a riƙa auna ruwan mashayunmu, a kuma dawo a faɗa mana sakamako da harshen da muke ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare dukiyarmu.