Keɓe Rana Don Ma'aikacin da Ba a Gani: Ranar 'Yancin Manhaja da Gadon Masu Kwafar Littattafai



Wannan lacca za ta dubi dalilin da ya sa al'umma ke keɓe rana guda a cikin shekara don tunawa da wani aiki, musamman irin aikin da ake cin amfaninsa amma ba a ganin mai yinsa. Bahaushe ya saba da ranakun da addini ya keɓe, kamar ƙaramar Salla da babba, ya kuma saba da na hukuma, kamar 1 ga Oktoba. To, amma a zamanin nan an sami waɗansu sababbin ranaku waɗanda masu sana'a suka ƙirƙiro da kansu, biyu daga ciki kuwa sun shafi kwamfuta.

Ta farko ita ce Ranar Masu Rubuta Manhaja, wadda ake yi a rana ta 256 ta kowace shekara, wato 13 ga Satumba, ko kuwa 12 ga wata a shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29. Dalilin zaɓen wannan adadi shi ne, kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, kuma idan aka jera gurabe takwas na waɗannan alamomi biyu, iyakar siffofin da za su bayar 256 ne. A shekarar 2009 gwamnatin Rasha ta amince da ranar a hukumance.

Ta biyu ita ce Ranar 'Yancin Manhaja. An fara yin ta ranar 28 ga Agusta, 2004, daga baya aka tsayar da ita a Asabar ta uku ta watan Satumba. Tushenta kuwa yana komawa ne ga 1983, lokacin da Richard Stallman, wani masani a Amurka, ya ƙaddamar da shirin GNU. 'Yancin da ake nufi ba wai rashin biyan kuɗi ba ne kawai. Abubuwa huɗu ne: mutum ya yi aiki da manhaja yadda ya so, ya karanta asalin rubutunta ya gyara, ya kwafa ya ba ɗan'uwansa, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wanda a kansa aka gina Android. Ashe ke nan manomin Kebbe ko ɗan kasuwar Dogon Daji mai riƙe da wayar Android yana cin gumin dubban mutanen da bai taɓa jin sunansu ba.

Wani zai iya cewa wannan duk al'adar baƙi ce. Amma wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai yi saurin faɗin haka ba. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe, shi kuwa malami ne, marubucin waƙoƙi. A zamaninsu babu injin ɗab'i a wannan yanki. Littafi ba ya yaɗuwa sai almajiri ya ara, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe, ya karanta a gaban malami a gyara masa kurakurai, wani ya ƙara sharhi a gefen shafi, sannan shi ma ya ba da aro. Haka Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis ƙauyuka da karantarwarta a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru. Waɗannan su ne abubuwa huɗun nan da aka ambata, sai dai a kan takarda. Ana tunawa da mawallafa, amma galibin masu kwafar sunayensu sun ɓace, alhali ba don su ba da littattafan ba su iso wannan zamani ba.

Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne matsayin harshen Hausa kansa. Tun da aka shigar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko a shekarun 1930, masu buga tafireta suka yi ta fama, suna ƙara lanƙwasar da biro ko su bar ta baki ɗaya. Ƙa'idar Unicode, wadda aka fara fitarwa a 1991, ta ba kowane ɗayan waɗannan haruffa lambarsa. Duk da haka har yanzu akan ga takardar ofis da ba ta bambanta ƙafa da kafa ba, ko ɓata da bata. Manhaja mai 'yanci ba ta jiran izinin kamfani: duk wanda ya iya zai iya fassara ta zuwa Hausa, ko ya ƙara mata ƙamus mai gyara rubutu. In masu harshen ba su yi ba, babu mai yi musu.

Akwai misali a gida. A 2015 ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka fara Ranar Hausa a kafafen sada zumunta, ranar 26 ga Agusta, kuma ta bunƙasa har ana yin ta a ƙasashe da dama. Tsakaninta da Ranar 'Yancin Manhaja bai kai wata guda ba, don haka ya dace a ɗaura su wuri ɗaya.

Sai dai Hausawa sun ce Salla bukin rana ɗaya ce. Ranar da ta ƙare a kan jawabai da ɗaukar hoto ba ta biya bashin kowa ba. Abin da ya kamata shi ne, makarantar sakandare a Tambuwal ko sakatariyar ƙaramar hukuma ta keɓe wannan Asabar ɗin don aiki: a koya wa akawu saka haruffan Hausa a kwamfutarsa, a ɗora LibreOffice a kan injunan da ba su da lasisi, ɗalibai kuma su rubuta tarihin garuruwansu a Wikipedia ta Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu yabon da ya fi dacewa da mai kwafar jiya irin a ɗauki alƙalaminsa a ci gaba daga inda ya tsaya.

Allah ya sa a dace, amin.