Tsaida haihuwa har abada: aikin mace da aikin namiji

Hirarmu ta yau ta magidanta ce da matan aure, musamman ku mutanen Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari har Tibiri da Kore Mairuwa. Magana ce ta manya. Sai ku gafarce mu in mun kira abu da sunansa.

Tun shekarar 1988 dokar ƙasarmu ta yarda da hanyoyin tazarar haihuwa. Ƙwaya, da allura, da robar da ake sawa a hannu, duk na hutu ne: in an bari, haihuwa ta dawo. Amma akwai aiki iri biyu da ke tsaida haihuwa har abada, ɗaya na mace, ɗaya na namiji. Ana kai ga wannan magana in likita ya ga wani ciki zai iya halaka uwa, kamar matar da mahaifarta ta taɓa fashewa wajen naƙuda, ko mai ciwon zuciya mai tsanani.

Mu fara da na mace. Mutane suna ce masa juya mahaifa, amma ba a juya komai. Hanyoyi biyu ne da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa, su likita yake ɗaurewa ko ya yanke. Kafin ya kai gare su sai ya tsaga ciki kaɗan. Saboda haka ba aikin ɗakin shan magani na ƙauye ba ne, sai asibitin da ke da ɗakin tiyata, kamar babban asibitin jiha na Doso. Yana aiki nan take. Al'ada ba ta tsayawa. Amma sai mace ta yi kamar mako guda ba daka, ba jan ruwa a rijiya.

Na namiji kuwa, jijiyoyi biyu ne da ke ɗauko irin haihuwa daga maraina, suna nan kusa da fata. A yi allurar kashe zafi a wurin, a huda, a ɗaure su. Minti 15 zuwa 30 an gama, mutum ya koma gida ranar, ya huta kwana biyu. Ku ji da kyau: wannan ba dandaƙa ba ce irin ta bunsuru. Ba a cire komai. Ƙarfin namiji da sha'awarsa suna nan yadda suke. Sai dai aikin ba ya kamawa sai bayan wata 3, kuma kafin nan dole a kiyaye da wata hanya.

To, wanne ya fi sauƙi? Likitoci sun yarda na namiji ya fi sauƙi, ya fi ƙarancin haɗari, ya fi araha. Duk da haka, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna mata miliyan 219 ne aka yi wa aikin a duniya, maza kuwa ba su kai miliyan 20 ba. Kun ga ke nan mai sauƙin ne aka guje wa, aka bar mata da mai wuyar. Maigida, in ran matarka ne a kan hanya, kada ka ɗauka ita kaɗai ce ke da abin yi.

Amma a gidan mace fiye da ɗaya sai a ƙara tunani. Aikin mace ita kaɗai ya shafa. Aikin namiji ya rufe ƙofa ga uwargida da amarya duka, har da wadda bai aura ba tukuna.

Malamai ma sun yi magana. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a taronta na Kuwaiti a 1988, ta yarda da tazara in miji da mata sun shirya, amma ta hana tsaida haihuwa dungum sai da larura. Ku tambayi likita, ku tambayi malaminku.

Abu uku za ku riƙe. Na farko, aikin nan ba komawa, kada a yi shi cikin fushi ko cikin zafin naƙuda. Na biyu, ba a yi wa kowa dole. A Indiya, daga 1975 zuwa 1977, hukuma ta tilasta wa maza masu yawa, abin ya bar tsoro na shekaru. Na uku, ba ya kare mutum daga sida ko ciwon sanyi.

In kun taru a ajin yaƙi da jahilci, ku karanta wannan hira, ku tattauna. Mai tambaya ya je wurin ungozoma ko likitan garinsu, shi da matarsa tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.