Tsoron Bakin Asibiti: Abin da Ke Hana Matanmu Zuwa Awo



Yau da 'yar ƙanwar mahaifiyata zan fara. Aurenta a wani ƙauye ne tsakanin Gaya da Ajingi. Cikin fari, ta je awo sau ɗaya tak. Ma'aikaciyar ta dube ta a gaban layi ta ce 'yan ƙauye ba sa wanka, ba sa jin magana. Aka yi dariya. Daga ranar ba ta koma ba.

Kun san kunyar cikin fari a wajenmu, yarinya ko uwarta ba ta iya faɗa wa tana ciwo. To ga kunya, ga gori. Ƙafafunta suka kumbura, kai na sara, aka ce ai haka ciki yake. Hawan jini ne, wanda da an auna za a gani. Sai da jijjiga ta kama ta cikin dare aka nemo mota. Ita ta tsira, jaririn bai zo da rai ba.

Kar ku ce talauci ne kawai. A 2017 Serena Williams, duk kuɗinta, bayan tiyatar haihuwa ta ce numfashinta na sarƙewa, a ɗauki hoton huhunta. Nas ta zaci maganin ciwo ne ke ruɗa ta. Da aka duba, gudan jini ne. A Amurka baƙar mace ta ninka farar fata kusan sau uku wajen mutuwa sanadin haihuwa. Can launin fata ne, nan kuma zaninki da rashin Turanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu haka a Najeriya, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Na san ma'aikatan ma a gajiye suke, mutum ɗaya da mata cike da ɗaki. Amma gajiya ba ta sa a zagi mai naƙuda.

Mu ma a gida muna da laifi. Wadda aka yi wa tiyata sai a kira ta raguwa, shi ya sa ake jan doguwar naƙuda har kan ɗa ya danne mafitsara, yoyon fitsari ya biyo baya. Ana ɗinke shi a asibitin Murtala da ke Kano, amma sau da yawa takardar saki ta riga zuwa.

'Yar uwar tawa yanzu tana da wani cikin, wata biyar. Ranar Talata ni zan raka ta awo.